Me Ke Kayar Da Gwarzo? Alburi Da Isa Korombe A Fagen Bumba

Akwai tambayar da ba ta ɓacewa daga takardun jarrabawar adabi, tun daga kwaleji har lise: mene ne ya jawo faɗuwar gwarzon wannan wasan kwaikwayo? Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun yara ya san amsoshi biyu da suka fi yawa. Wasu su ce ƙaddara ce, su ajiye alƙalami. Wasu su ce girman kai ne, su ma su ajiye. Na shekara da shekaru ina karanta waɗannan amsoshi, kuma ban ce ƙarya ba ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma mun san kowane abu da sababinsa, kuma sababin shi ne ake tambayar yaro. Girman kai kuwa kalma ce mai arha, kowa ya faɗi ana iya liƙa masa ita.

Shi ya sa yau nake so mu fitar da tambayar daga littafi, mu kawo ta nan Dallol Boso, kwarin da ya ratsa Filinge da Baleyara ya gangara kudu har kogin Isa. Gwarzon ɗaya daga cikin fitattun wasannin kwaikwayo na Afirka ta Yamma a ƙasarmu ya ƙare rayuwarsa, kuma kafin ya mutu yana cikin waɗanda suka kayar da wani gwarzo na wannan kwari. Mutanen biyu su ne Alburi Njai, sarkin Jolof ta ƙasar Senegal, da Isa Korombe na Koygolo.

Abin da magabata suka ce

Wanda ya fara zama ya yi wa irin wannan wasa nazari shi ne Aristotal, masanin ƙasar Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A ganinsa, wasan ban tausayi ba ya tsayuwa a kan mutumin banza, domin in mugu ya faɗi ba wanda zai ji tausayinsa. Ba ya kuma tsayuwa a kan waliyyin da ba shi da aibi, domin faɗuwar irinsa takaici kawai take jawowa. Sai dai a samu babban mutum, mai kirki kamar sauran masu kirki, wanda wani kuskure nasa ya juyar da sa'arsa. Kalmar da ya yi amfani da ita, hamartiya, asalinta kuskuren mai harbi ne da ya saki kibiya ta kauce wa abin bara. Ke nan abin da ake nufi ya fi kusa da kuskuren lissafi fiye da mugun hali.

Misalin da ya fi so shi ne wasan Sofokilis a kan sarki Odifus. Wannan sarki kaifin basira ne ya ɗora shi a gadon mulki, don shi ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi birnin Tebes. Da annoba ta sauka, ya rantse sai ya gano wanda ya kashe tsohon sarki. Makahon boka ya gargaɗe shi, matarsa ta roƙe shi ya bar binciken, ya ƙi. Da ya kai ƙarshen zaren sai ya tarar shi ne mai laifin, mahaifinsa ya kashe bai sani ba. Nacin neman gaskiya da ya ɗaukaka shi, shi ne ya kai shi ƙasa.

Haka abin yake a wasan Macbeth na Shakespeare: jarumtar da ta sa sarki ya ƙara masa girma ita ce ta ba shi ƙarfin zuciyar kashe sarkin. Haka kuma a wasan Aimé Césaire na 1963 a kan sarki Christophe na Haiti, wanda ɗalibanmu na lise da yawa suka karanta. Christophe yana son ya nuna wa duniya cewa bayin da suka 'yantar da kansu za su iya gina ƙasa, sai ya matsa wa talakawansa da aikin gina ganuwa a kan dutse har suka juya masa baya, ya kashe kansa a 1820.

In muka tattara, abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin gwarzo ya faɗi. Na farko, halin da ya ɗaga shi, wanda ba ya iya ajiyewa ko da ranar ajiye shi ta zo. Na biyu, wani zaɓi da ya yi da hannunsa, wanda a lokacin ya yi kama da daidai. Na uku, zamanin da ya juya ba tare da ya lura ba. Hausawa sun taƙaita na ukun da cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. To, bari mu auna mutanenmu biyu da wannan mudu.

Alburi a cikin wasa, Alburi a cikin tarihi

Wasan L'Exil d'Albouri, wato gudun hijirar Alburi, Cheik Aliou Ndao ne ya rubuta shi. An buga shi a 1967, ya kuma ci kyautar farko a bikin al'adun Afirka da aka yi a Aljiyas a 1969. Labarin yana faruwa ne a 1890 a Yang-Yang, babban birnin Jolof, rundunar Faransa na tafe. Hanyoyi uku ne a gaban sarki: ya tsaya ya yi yaƙi da igwa a hallaka jama'arsa, ya miƙa wuya ya zama sarkin jeka-na-yi-ka, ko ya kwashi masu binsa ya nufi gabas wurin Ahmadu Shehu, ɗan Alhaji Umaru Futi, su haɗa ƙarfi. Ya zaɓi ta uku. Ɗan'uwansa Laobe Penda ya ce sarki ba ya barin ƙasar kakanninsa, ya zauna, ya daidaita da Turawa. Ƙarfin wasan yana nan ne: kowanne cikin 'yan'uwan biyu yana da hujja, mai kallo ba ya iya cewa ɗaya wawa ne.

Tarihi ya ƙara mana abin da dandalin wasa bai ɗauka ba. Alburi ya hau sarautar Jolof a 1875, bayan yaƙin Samba Sajo, inda shi da Lat Jor na Kayor suka yi yaƙi gefe ɗaya da sojojin Faransa, suka murƙushe Shehu Amadu Ba wanda ya mamaye Jolof. A 1885 ya sa hannu a yarjejeniya da Faransawa. A 1886 ya gwabza da sarkin Kayor, Samba Laobe Fal, a Gile, ya ci nasara. Kafin shekarar ta ƙare Faransawa sun kashe Samba Laobe Fal, sun kashe Lat Jor, Kayor ta tafi. Alburi ya ci maƙwabcinsa da yaƙi, ya waiga ya ga babu sauran katanga tsakaninsa da Turawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Sannan ga zaɓin hijirar kansa. Birnin Segu, cibiyar daular Ahmadu Shehu, ya faɗa hannun Kanar Archinard a watan Afrilu na 1890. Rundunar Kanar Dodds ta doshi Yang-Yang a watan Mayu. Wato gidan da Alburi ya nufa don neman mafaka ya riga ya kama wuta tun bai ɗaura wa dokinsa sirdi ba. Ya tarar da Ahmadu a Nioro, aka ci Nioro ranar 1 ga Janairu 1891. Suka koma Banjagara, aka ci Banjagara a 1893. Daga nan sai gabas, ana neman Sakkwato, ƙasar da aka haifi Ahmadu lokacin da mahaifinsa ke zaune a can. Hanyar Sakkwato kuwa ta ƙasar Zabarma ta bi. Ta haka ne sarkin da ya baro kusa da tekun Atlantika, tafiyar kusan kilomita 2000, ya shigo tarihinmu.

Uwar yaƙi ta Koygolo

Koygolo tana kudu da mu a cikin wannan kwari. A farkon rabin ƙarni na 19, Dallol ta kudu tana ƙarƙashin ikon gidan Fulanin Tamkalla, gidan Bubakar Luduji da ɗansa Abul Hasan, masu biyayya ga Gwandu. A wannan zamani aka haifi Isa Korombe. Labarin da maroƙan Zabarmawa ke bayarwa da molo, irin wanda marigayi Jado Seku ya shahara da shi a gidan rediyo, ya nuna cewa ya bar gida yana saurayi, ya yi yawon neman sanin yaƙi da asirinsa har Wanzarbe, kafin ya dawo.

Ya dawo a kan gaɓa. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawayen Kabi a kan Gwandu da Sakkwato, wutar ta kama Arewa da Dandi da Zabarma. Isa Korombe ya haɗa kai da Dauda Bugaran na Doso da Kabawan Argungu, suka rushe Tamkalla, Abul Hasan ya fice daga Dallol. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1866 tsakanin Gwandu da sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya tabbatar da cewa waɗannan ƙasashe sun fita daga hannun Gwandu. Zabarmawa suka ba Isa laƙabin Wangunya, ma'ana uwar yaƙi. Daga nan har tsufansa shi ne mai faɗa a ji a yankin Boboye. Sunansa ne tsohuwar babbar lise ta Yamai ke ɗauke da shi har yau.

Amma Abul Hasan ya bar ɗa, sunansa Bayero. Shekara talatin ko fiye gidansu yana zaman baƙunci a wajen Dallol, shi kuwa bai manta ba. Da rundunar mutanen Futa, waɗanda ake kira Futanke, ta iso bakin kogi tare da Ahmadu Shehu da Alburi, Bayero ya samu abin da ya daɗe yana nema: mayaƙa masu bindiga, waɗanda suka shekara suna karawa da sojojin Faransa. Su kuma baƙin sun samu ɗan gari mai nuna hanya. A 1896 aka haɗu a Bumba, inda Dallol Boso ke zuba cikin kogin Isa. Aka karya rundunar Zabarmawa, aka kashe Isa Korombe, yana tsoho tukuf.

To me ya kayar da shi?

Ga yadda nake karanta lamarin, kowa kuma yana iya auna shi da hankalinsa.

Halin da ya ɗaga Isa shi ne rashin ja da baya. Da shi ya kori waɗanda suka fi shi daula, da shi ya tara mayaƙa a bayansa. Amma mutumin da ake kira uwar yaƙi shekara arba'in ba shi da damar cewa yau ba za a yi yaƙi ba. Sunan ya zama masa rigar da ba ta tuɓuwa. Dattijon da shekarunsa suka isa a ce yana zaune ana kawo masa labari, ga shi a fagen fama.

Zaɓin da aka yi da hannu shi ne yadda aka bar nasarar farko. An ci Tamkalla da yaƙi, amma ba a samar wa zuriyarta wurin zama a cikin sabon tsari ba. Wanda aka kora daga gidan ubansa ba ya barci, kuma duk baƙon da ya zo da makami abokinsa ne. A ranar da aka rushe Tamkalla ba wanda zai ce kuskure ake yi. Sai bayan shekaru bashin ya zo.

Zamanin da ya juya kuwa shi ne na makami. Doki da mashi da baka su suka ba Zabarmawa nasara a tsakiyar ƙarni. A 1896 sun fuskanci mutanen da suka koyi yaƙin bindiga a hannun abokin gaba mafi tsanani. Bayan waɗannan mutane kuma akwai wanda ya koro su, wanda ba a gani ba tukuna a filin Bumba.

Yanzu mu juya mudun kan Alburi. Halinsa shi ne ƙin zama ƙarƙashin wani, kuma wannan ne marubucin wasan ya ɗaukaka, da gaskiyarsa. Amma sarkin da ya bar ƙasarsa da runduna a bayansa ya bar rumbunansa da talakawan da ke cika su. Rundunar kuwa dole ta ci, dawakai dole su ci. A ina za a samo? A garuruwan mutane. Ta haka wanda ya bar gida don kada baƙo ya mallake shi ya wayi gari shi ne baƙon da ke shiga ƙasar wasu da bindiga. Wannan juyi ya fi duk wanda ke cikin wasan ɗaci, kuma wasan bai nuna shi ba, domin labule ya sauka tun kafin a iso Dallol.

Dubi kuma abin da ya biyo bayan Bumba. A 1897 Faransawa suka kafa sansani a Say. A ƙarshen shekarar Ahmadu Shehu ya rasu kusa da Sakkwato. A 1898 Doso, wadda ta rasa babban garkuwarta a Bumba, ta karɓi sojojin Faransa. Bayero ya samu komawa Dallol, ya zauna a Birnin Gaure, amma a ƙarƙashin tutar Faransa. Alburi ya ci gaba da yaƙi har ya gamu da ajalinsa wajen 1901 a cikin jahar Doso ta yau, bai sake ganin Jolof ba. Laobe Penda da ya zauna a gida, Turawan da suka naɗa shi su suka tuɓe shi bayan 'yan shekaru, suka kai shi Gabon. Wanda ya tafi da wanda ya zauna, wanda ya ci yaƙin da wanda aka ci, duk rami ɗaya suka faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu

A Senegal akwai filin wasa a Luga mai sunan Alburi, akwai lise a Lingir mai sunansa. A nan kuma muna da lise mai sunan Isa Korombe. Yaron Senegal yana koyon Alburi a matsayin gwarzon da ya ƙi mulkin mallaka, ba ya jin labarin Bumba. Yaron Boboye yana jin labarin Futanke a matsayin masu ɓarna, ba ya jin abin da ya koro su daga gidajensu. Kowannensu rabin labari ke hannunsa.

Mu a Baleyara ba mu da damar koyar da rabin labari. Duk wanda ya shiga kasuwarmu ranar Lahadi ya san garin na kowa ne. A aji ɗaya akwai Bazabarme, akwai Bafulatani, akwai Buzun Tagazar, akwai Bakurfaye daga Filinge, a benci ɗaya suke zaune. In malami ya ba da labarin Bumba a matsayin yaƙin mutanen kirki da miyagu, to ya nuna wa wani yaro da yatsa a cikin ajin ko bai ambaci sunansa ba. In kuma ya tsallake labarin don tsoro, yaran za su ji shi a waje, daga bakin wanda bai damu da zaman lafiyarsu ba. A halin da jahar Tilaberi ke ciki a 'yan shekarun nan, mun ga yadda masu neman fitina ke tono tsohon miki tsakanin manomi da makiyayi. Wannan ba abin wasa ba ne.

A nan ne wasan ban tausayi ke da amfani. Yana koya wa yaro ya riƙe abubuwa biyu a lokaci ɗaya: mutum yana iya zama babba kuma ya yi kuskure, yana iya zama mai gaskiya a garinsu kuma ya zama bala'i a garin wasu. Yaron da ya iya jin tausayin Isa yana tsoho a fagen fama, ya kuma fahimci Bayero da ya girma yana kallon gidan ubansa daga nesa, ya kuma gane abin da ya koro Alburi, wannan yaro da wuya a ruɗe shi da labarin gaba.

Shawara ga 'yan'uwana malamai

In kun zo koyar da wasan Alburi, ko na Christophe, ko wani makamancinsu, ku hana amsa mai kalma ɗaya. Ku sa yaro ya amsa tambayoyi uku. Wane hali ne ya ɗaga wannan mutum? A wace rana ce yake da hanya biyu a gabansa, me ya sani a ranar, me ya ɓoye masa? Mene ne ya canza a duniyarsa wanda bai gani ba? Tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi, domin tana hana yaro yin hukunci da ilimin da shi yake da shi yau, wanda gwarzon ba shi da shi jiya.

Ku zana taswira a allo, daga Yang-Yang zuwa Nioro, zuwa Banjagara, zuwa Bumba, yara su ga cewa littafin da ke hannunsu ya ƙare a bakin ƙofarsu. Ku raba aji gida biyu, wasu su kare Alburi, wasu su kare Laobe Penda, sannan ku sa su musanya. In kuna son aikin gida, ga Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimidan, wanda ya tsere daga kurkukun Gao a 1916, ya kawo hari Filinge a watan Afrilu aka mayar da shi, aka karya rundunarsa a Anderambukan a watan Mayu, aka kashe shi a watan Yuni. Ku ba su tambayoyin nan uku a kansa, ku ga abin da za su kawo.

Ku kuma iyaye, a gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu. Ku sa yara su zauna su saurara, su rubuta. In yaro ya dawo ya ce labarin kaka ya saɓa da na littafi, kada ku tsawata masa. Ku tambaye shi wa ya ba da wannan, wa ya ba da wancan, kuma a wane gefen filin yaƙin kakannin kowannensu suka tsaya.

Isa Korombe da Alburi Njai dukansu manyan mutane ne, kuma ba rashin jarumta ya kayar da su ba. Kowannensu ya zuba ido a kan abokin gaban da ya sani, ya yi abin da ya saba yi wanda ya sha ba shi nasara. Yaranmu su ma za su girma su riƙe wani abu, ko gida, ko gari, ko ma'aikata, kuma ranar da halin da ya ɗaga su zai nemi kayar da su tana nan tafe. Gara su fara ganin irinta a cikin aji. Allah ya sa mu dace.